Tagar da Ba Ta da Ɗaki

La'asar ta yi sanyi na fita ɗebo ganyen dogon yaro na wanka. Ban yi nisa ba. Itacen yana bakin hanya, daidai gaban gidan, kuma a lokacin ƙafafuna ba su yarda da nisa, don ina tsakiyar jego. An yi ruwa da rana. Ƙasa na ta ƙamshi, kwaɗi sun fara kiran juna daga kududdufin bayan tasha. Na karyo 'yan rassa na juyo. Daga gindin itacen nan ake ganin gidan gaba ɗaya.

Mutanen Sabon Birni Gidan Jan Bulo suke ce masa. Wani Bature mai sayen fatu ne ya gina shi tun zamanin kakanni, wai irin ginin garinsu ya ɗauko, bai rage komai ba. Bene ne. Ƙofa tana tsakiya cif, da gilashi a samanta kamar rabin faifai. Tagogi biyu a damanta, biyu a hagunta, na sama sun hau kan na ƙasa a layi, sai dai sun ɗan fi su gajarta. Ba tura su ake yi waje kamar namu ba. Ɗaga su ake yi sama su zame cikin katako, in ka saki da garaje su faɗo maka a yatsa. Har bututun hayaƙi gare shi, ɗaya a kowane gefe, a garin da zafi ke hana mutum barci. Duk abin da ka gani a dama, akwai ɗan'uwansa a hagu.

Gwamnati ta kafa allo a bakin ƙofa cewa gidan tarihi ne, kada a taɓa. Maigidana Labbo shi aka ɗauka gadi. Ba a buga ƙusa, ba a yin yaɓe, ba a toshe rami, ba a buɗe wani. Ko igiyar shanya ba ni da inda za ni ɗaura, sai dai in baza wanki a kan rassan dogon yaro. An ba mu ɗaki ɗaya a ƙasa, na ƙarshe ta hagu. Sama ta jemagu ce, katakon ya ruɓe, ba mai hawa.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Gangara. Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu, da goyo na fito. Ban iso da shi ba. Zazzaɓi ya kama shi a hanya, aka rufe shi a gefen gonar wasu mutane da ba mu ko san sunansu ba. Shi ya sa da na haifi Khairat ba na iya barci sai hannuna yana kan cikinta, ina jin yana hawa yana sauka. Ita kaɗai gare ni. Gidanmu da ya kamata in tafi wankan jego babu kowa cikinsa, Inna kuma tana can Nijar wajen yayana. Sai Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin Labbo, ita ke takowa safe da yamma daga makarantar da aka zuba 'yan gudun hijira, ta yi mini wankan ta dama mini kunun kanwa.

Akwai abin da na lura da shi tun farkon zuwanmu. Daga waje tagogi biyu ne a dama. Amma in na shiga shara ta ciki, ɗaki ɗaya nake samu da taga ɗaya, daga nan sai bango. Na daɗe ina juya abin a raina kafin in tambayi Labbo.

"Tagar ƙarya ce," ya ce, yana cin tuwo. "Mutumin da ke zuwa dubawa daga Sakkwato ya gaya mini. Bulo ne anka shafa wa baƙin fenti, anka zana farin katako bisa. Don kada gefe guda shi fi guda."

"To mi ke bayanta, Malam?"

"Bango."

"Bango mai faɗin ɗaki?"

"Zulai, gadi anka ɗauke ni, ba awo ba."

Ban sake tambaya ba.

Ran nan Gwaggo ba ta zo ba, an yi rabon gero a makarantar, layi ya riƙe ta. Ni na hura wuta, ni na ɗora tukunya, na jefa ganyen ya tafasa har ruwan ya koma kore. Sai na tarar iskar da aka yi da rana ta kayar da zanar da nake wanka a bayanta. Ga wasu maza a tsugune jikin katanga suna gyaran babur, in sun ɗaga kai tsakar gidan za su gani. Ni kuwa ko muryata ba na so maza su ji. Na tsaya da bokiti a hannu, bayana na ciwo, rana na faɗuwa.

Akwai wani ɗan ɗakin wanka na Baturen a ciki, ta gefen dama, jikin wannan bangon mai kauri. Ƙasansa siminti ne, da rariya a kusurwa, an rufe ta da ƙarfe mai huji-huji. Ba mu taɓa amfani da shi ba. Na ja bokitin na shiga, na saka ƙofa.

Kullum kafin Gwaggo ta malalar da ruwan wanka sai ta ce, "Bismillahi. Masu wuri, ku janye ɗiyanku, ruwan zafi za shi wuce." Tun ina yarinya nake jin haka a bakin tsofaffi, ko ruwan talge za a zubar. Amma a tunanina ƙasa ake gaya wa, inda suke zama. Nan kuwa siminti ne, ramin Bature ne, bututu ne mai zuwa wani wuri. Ga gajiya. Na yi wankana da ganye, tururi ya cika ɗakin. Sauran tafasasshen ruwan da ban sirka ba, na karkata bokitin na juye shi a rariyar, ban ce komai ba.

Ruwan ya gangara yana ƙugi. Ya yi shiru.

Sai kuka ya tashi.

Kukan jinjiri ne, irin na farat ɗaya, wanda numfashi ke ɗaukewa kafin murya ta fito. Na yi waje da zane a hannu. Khairat tana kan tabarmarta, barci take, bakinta na motsi. Na tsaya a tsakiyar falon. Ɗakinmu yana hagu. Kukan daga dama yake fitowa, daga cikin bulo. Na ji ƙauri, kamar an babbake kan akuya. A ƙarƙashin kukan kuma akwai muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Yi shiru. Yi shiru."

Da Labbo ya dawo masallaci na gaya masa. Ya kara kunne a bangon, ya daɗe. Sannan ya ja da baya.

"Mussa ce ta haihu cikin bututu," ya ce.

Ni na san kukan kyanwa. Shi ma ya sani, don a tsaye ya ci tuwonsa, a bakin ƙofar waje.

Da safe Gwaggo ta zo. Tana ajiye takalmi ta tsaya cik, kanta a karkace.

"Ɗan wa ke kuka?"

Na sunkuyar da kai.

"Jiya ina kika yi wanka?"

Na nuna mata da hannu.

"Kin yi musu magana?"

Na girgiza kai. Sai ta nemi turmi ta zauna, ta zare ɗankwalinta ta sake ɗaurawa.

"Ke ɗiyar nan. Don Bature ya gina, an ce miki shi kaɗai ya tare?"

Ta yi abin da ta sani. Ta turara bangon da habbatus sauda, ta toya waina aka raba wa yaran unguwa, ta durƙusa a bakin rariyar ta ba da haƙuri da murya mai taushi, kamar mai roƙon surukai. Kukan bai tsaya ba. Ragewa kawai ya yi, ya koma siriri, mai yankewa yana dawowa. Na san wannan kukan. Irinsa na goya a bayana a hanyar Gangara.

Na roƙi Gwaggo ta tafi da mu makarantar. Ta ce amai da gudawa sun shiga ajinsu, a makon nan kaɗai an fitar da gawar yara biyu, ba za ta kai jinjira can ba. Na roƙi Labbo ya fasa bangon a ga abin da ke ciki.

"In na cire bulo guda, gobe muna bakin titi da ita," ya ce. Bai dube ni ba. "Ki yi haƙuri, Zulai. Za ni nemi wani wuri. Ki ba ni lokaci."

Kafin Gwaggo ta tafi ta kama hannuna. "Kada ki raba ta da jikinki. Balle magariba."

Haka na yi. Da ita nake girki, da ita nake alwala, da ita a cinya nake gyangyaɗi. Barci ya ƙaurace mini. In na rufe ido sai kukan nan ya shigo ta kunne ya zauna a ƙirjina, nono ya kawo, gaban rigata ya jiƙe. Har na fara zuba gishiri sau biyu a miya.

Rannan da yamma hadari ya haɗo daga gabas. Labbo ya wuce masallaci da wuri don kada ruwa ya tare shi. Khairat ta yini tana rigima, sai a lokacin ta samu barci, na shimfiɗe ta a hankali kamar ƙwai. Tsummokinta duka suna kan dogon yaro, in suka jiƙe ba ni da wasu. Na ce yanzu za ni dawo. Ko takalmi ban sa ba.

Iska ta taso da sanyin ruwa. Ina ta fizgo tsummokin ina tarawa a kafaɗa. Sai na ji wata ƙara a bayana, ƙarar katako na zamewa cikin katako.

Na juya.

Tagar ƙarya a ɗage take.

Akwai haske ja-ja a ciki, kamar na fitilar da mai ya kusa ƙare mata. Mace tana tsaye da ɗaurin ƙirji. Tana rungume da jinjira a cikin shuɗin zanena.

Ban san yadda na haye matakalar ƙofa ba. Na faɗa ɗakinmu. Tabarmar na nan, da ɗumin jikinta, babu ita. Na tsallaka falon, na wuce ɗakin dama. Inda bango yake kullum, ƙofa ce, irin tamu sak, sai dai mariƙinta yana ɗaya gefen.

A buɗe take.

Ɗakinmu ne, amma a juye. Tabarma inda tamu take in ka duba madubi. Tukunya, kwanon kunu, har tsagewar da ke saman rufinmu, ga ta nan ta karkata ɗaya hannun. Warin ganyen wanka da kanwa da ƙauri. Matar ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu ƙarƙashin zane. Ban yarda na dubi ƙarshen zanen ba. Fuskarta na duba. Ta rame, leɓɓanta sun bushe, ƙasan idanunta ya yi baƙi. Idanun ba sa ƙiftawa.

"Shigo, maƙwabciya," ta ce. Muryar kamar daga cikin randa. "Ni na yi sallama kafin in shiga ɗakinki. Ke ba ki yi ba."

Na taka na shiga.

"Wanda ya gina ya raba daidai. Rabi naku, rabi namu. Ba mu taɓa tsallakawa ba."

Khairat tana cinyarta, barci take. Cikinta nake kallo. Yana hawa. Yana sauka.

Matar ta nuna tabarma da haɓa. Wani ɗan jinjiri ne a kwance rub da ciki. Bayansa ya saɓule tun daga wuya har ƙugu. Ya buɗe baki, kukan ba ya fita sosai.

"Tun ran nan nonona ya ɗauke," ta ce. "Firgita ta ɗauke shi. Bai sa komai a ciki ba." Ta dubi gaban rigata. "Naki zuba yake."

Na durƙusa gaban tabarmar.

"Ko ki ba shi, ko in riƙe wagga ta ɗebe mini kewa in ya tafi." Ta gyara wa Khairat zane a wuya, a hankali, kamar yadda nake yi. "Kin san yadda ake ji. Na ji kina faɗa cikin barci."

Na ɗauke shi.

Ba nauyi, kamar busasshen duma. Amma zafi, kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na tallafe shi ta yadda hannuna ba zai taɓa bayan ba. Na ba shi na hagu.

Ya kama.

Ba daga nono yake ja ba. Daga bayana yake ja, daga cikin ƙashi, daga tushen haƙorana. Sanyi ya fara daga yatsun ƙafa yana hawowa. Hasken ɗakin ya yi nisa. Na kafa ido a kan cikin Khairat, na ce in na daina ganinsa to na tafi.

Can nesa ladan ya ɗaga murya.

Tagar ta zame ƙasa kaɗan. Ƙiii.

Na waiwaya. Ƙofar ta rage faɗi. Gefenta ba katako ba ne yanzu, jan bulo ne, yana matsowa ba ƙara.

"Bai ƙoshi ba," ta ce.

Tagar ta ƙara zamewa.

Ni da ko a gidanmu ba a jin muryata, na ji ta fito. "Ba ni ɗiyata. Za ni ba shi gobe."

"Da jibi?"

"Da jibi."

"Har yaye?"

Ƙofar ta koma kamar faɗin kafaɗa.

"Har yaye."

Ba ta tashi ba. Hannayenta ne suka taho, daga can ƙarshen ɗakin har gabana, da Khairat a kansu. Na ajiye nata. Na fizgi tawa. Na shiga ƙofar a karkace, bulo ya goge mini kafaɗa, ya goge mini kunne, na ji numfashin bangon a bayan wuyana. Wani abu ya riƙe zanena. Na ja. Ya yage.

Na faɗi a ƙasa da Khairat a ƙirji. Ta farka ta tsala kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗin wannan kukan ba.

A nan Labbo ya same mu, ruwa na dukan tagogi. Ya haska bangon da tocila. Babu ƙofa, babu tsaga. Sai leɓen zanena da ya fito daga tsakanin bulo biyu, a cikin tsohon siminti, kamar tare aka gina su. Ya ja, ya ƙi fita. Ya ɗauko reza ya yanke shi daidai bango, ya shafa ƙasa a wurin. Sannan ya zauna kusa da mu, ya ɗora hannunsa a kan Khairat har gari ya waye.

Kukan bango ya ɗauke daga ranar. Washegari da magariba ina zaune a ɗakinmu, ni kaɗai da ɗiyata, na ji an kama na hagu. Ban ga kowa ba. Sai zafi, sai ja, sai sanyin nan mai hawowa daga ƙafa. Da ladan ya gama, aka saki. Khairat ba ta sake yarda da wannan gefen ba, ko na kai mata sai ta kau da kai.

Da kaka ta yi Labbo ya samu gadin wani shagon hatsi a garin Isa, muka kwashe 'yan komatsanmu muka koma. Na yi zaton nisa zai raba. Magaribar farko a sabon ɗaki, ina cikin kwance ƙullin kaya, na ji an kama. Na zauna a kan buhu na jira ya gama.

Khairat ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta isa yaye. Gwaggo ta zo daga Sabon Birni ta shafa mini maɗaci, ta tafi da ita kwana biyu. Na dama ya ƙafe cikin mako. Na hagu bai ƙafe ba. Da ta dawo da yarinyar na ja ta gefe.

"Gwaggo, su nasu, yaushe suke yaye?"

Ta daɗe tana murza goro a hannu. "Ban taɓa jin wadda ta gani ba," ta ce. "Ki dinga shan kunu da yawa."

Ina sha. Ba ya zama a jikina, zobena ma a zare na rataye shi a wuya. Amma Khairat lafiyarta lau, ta yi kumatu, ga surutu kamar ba ni na haife ta ba. Bana ta shiga islamiyya. Ta saba, in rana ta faɗi takan jawo mini tabarma ta ce, "Inna, zauna, lokacin ciwonki ya yi," ta koma wasanta a bakin ƙofa inda nake ganinta.

Jiya da magariba ina zaune, ina kallonta tana jera duwatsu, na ji wani ɗan kaifi ya taɓa ni a na hagu.

Haƙorinsa na farko ne ya fito.